Awon Da Ya Gagare Ni

Shekara talatin da ɗaya ina jan sarƙar awo
a gangaren duwatsun Gorka,
ina raba gonar shinkafa tsakanin wa da ƙane,
ina kafa turke inda gardama ta gaji.
Ba a taɓa kama ni da kuskuren taƙi ɗaya ba.
In Chhabilal ya ce nan ne iyaka, to nan ne.

Sai ga tikitin jirgin Tekendra.
Na gyara tabarau, na tambayi yaron ofishin dillali:
daga Katmandu zuwa Doha, nawa ne?
Ya latsa waya, ko ɗagowa bai yi ba.
"Kilomita dubu uku da ɗari uku da 'yan kai, Baba.
Awa biyar. Ka kurɓi shayi, ka yi gyangyaɗi, an sauka."

Awa biyar!
Mu da in damina ta ci hanya
bas kan kwana da mu a bakin zaftarewar ƙasa.
Ashe Doha ta fi kusa da ɗana
a kan asibiti da uwarsa.

Da na koma na kakkaɓe taswirar makarantarsa,
wadda ɓera ya fara ci daga gefen teku,
na zare zare ɗaya daga bakin zanen Phulmaya,
kai ɗaya nan, kai ɗaya can.
Bai kai tsawon manunina ba.
Ta dubi zaren, ta dube ni:
"In dai wannan ne nisan,
ka ce masa ya dawo kafin shinkafa ta huce."

Ran tafiya ta ɗiga masa ja a goshi,
ta rataya masa furanni ruwan ɗorawa a wuya.
A ƙofar gilashi ɗan sanda ya ce iyakarmu ke nan.
Ni da na saba yanka wa mutane iyaka,
yau aka yanka mini.

Tun daga nan nake awo da abin da ba sarƙa ba.
Da gonar da na auna da hannuna na kai jingina.
Da agogo biyu a bango,
ɗaya na bin ɗaya a baya da awa uku ba kwata,
don kada mu kira shi yana kan ƙarfe a hawa na ashirin.
Da ɓaunar gida, ta haihu sau biyu bai gani ba.
Da Junmaya, da ya bari a zanen goyo,
yanzu tana kora kaji da tsinke,
in an ce ina babanki, sai ta nuna aljihuna.

Sana'ata abu ɗaya ta rantse mini a kai:
daga turke zuwa turke,
tsawon zuwa shi ne tsawon dawowa.
Wannan awon ya ƙaryata ni a gaban jama'a.
Zuwa, awa biyar.
Dawowa, ga shekara uku, ba mu kai rabi ba,
fasfo na barci a aljihun teburin wani,
bashi kuwa ba ya barci.

Da yamma in jirgi ya ja farin layi bisa tsaunuka
nakan runtse ido ɗaya, in ɗaga babban yatsa
kamar yadda nake gwada tudu da.
Yatsan yakan rufe shi kaf,
da shi da 'ya'yan mutane ɗari biyu.

Zaren nan na ajiye shi a kwalin tabarau.
Jiya Phulmaya ta nema,
maɓallin rigar da ya bari ne ya ɓalle,
tana so ya tarar da ita daidai.
Ta zura a allura, ta soka sau biyu, sau uku,
ta tsaya.

Ta ce, "Mai awo,
zarenka bai isa ba."